Ragon Sunan Jikan Tankari

Tun shekarar da aka hana fita da dabba mai rai daga ƙasar, ko ɗan akuya bai sake ƙetare iyaka da ƙafarsa ba. Gwamnati kuwa ta ce ba za ta bar masu kiwo su yi asara ba, sai ta gina musu mayanka a bakin iyaka, yanka kyauta, ƙanƙara kyauta.

Nan Malam Tankari ya iso da farin ragonsa. Tun da ya ji matar ɗansa, can a ƙetare, tana da juna biyu, ya turke shi yana ba shi dusa da harawa. Ga shi ta haihu, gobe ne suna.

"Baba, kawo igiyar," in ji ma'aikaciyar da ke ƙofa. "Yanzun nan za a miƙo maka shi a kwali, tsaf."

"'Yar nan, ragon suna ne fa. Sai an raɗa wa yaro suna ake sa masa wuƙa."

"To faɗi sunan mana, a yanka da shi a nan."

"Ina na sani? Uban yaron bai gaya wa kowa ba tukuna."

Ta sunkuyar da kai. "Wallahi Baba, ba ni na kafa dokar ba."

Ba a jima ba aka miƙo masa kwalin, igiyar na naɗe a sama. Ya ɗora a ka, sanyi na ratsa hularsa. Ya tsallaka iyaka yana tafiya sannu-sannu, kamar yadda yake yi tun daga gida, don kada ragon ya gaji.