Sulken gwangwanin tumatir

Ina aji uku a Tasawa na roƙi Baba, maƙerin fitila, ya ƙera mini sulke irin na jarumin bidiyo. Da la'asar ya miƙo mini, na gwangwanin tumatir, yana warin dalma.

Ya ce, "Na bar maka rubutun a ƙirji, tunda jarumin naka ma yana da shi."

Na ce, "Baba, tumatir fa aka rubuta. Ba ka iya karatu ba."

Ya ce, "To, mushe," kamar ɗalibi mai amsa wa malami, don haka muke kiran malamai a lakwal, makarantarmu ta boko. Ya warware sulken, ya yi fitilu biyu.

Da ɗayarsu na yi karatu har na ci jarrabawar satifika. Littattafai dai na sha su, amma babu wanda ya koya mini yadda ake janye magana.