Fitilun Da Ta Bari A Kunne

Wuni guda suka yi a hanya, ita da mijinta, sai ga kwaɗo a ƙofar surukarta.

"Ai Mama tun safe ta tafi wurinku," in ji maƙwabciya. "Wai ba-zata za ta yi muku. Wayarta ma nan ta manta."

Mijin ya dafe kai.

Matar kuwa gidansu ta tuna. Ta ƙawata taga da ƙananan fitilu saboda hutu, ta bar su a kunne har da rediyo, don ɓarayi su zaci da mutane.

Yanzu tsohuwar da kullum ke cewa "yarinyar nan ba ta son zuwana" tana can tsaye a ƙofar gidansu da jakarta, tana jin muryoyi a ciki, tana ta ƙwanƙwasawa.