Jirin Auta

Auta yana tsakiyar yi wa wani dattijo gyaran fuska ya ɗaga aska, ya ce, "Baba, don Allah, tun da na fara aikin nan, ka ga na yi barci?"

Dattijon ya dube shi ta madubi, ya dubi askar da ke daf da maƙogwaronsa, ya ce ya tuna da wani uzuri. Haka ya fita da rabin gemu.

To, ba a nan maganar ta fara ba. Auta mai aski ne, mai laushin hannu. Farfaɗiya ta taɓa raba shi da shagonsa, ya zauna gida yana kallon bango, har Allah ya sa likita ya dace da wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Ciwon ya kwanta, Auta ya koma bakin madubinsa, benci ya sake cika.

Ana haka sai Inna ta ce maganin ba shi da kyau.

Inna ce ta haife shi, ita ke ajiye kwalbar maganin, ita ke miƙa masa da ruwa. Auta ya fara furfura, amma a idonta jiya aka yaye shi. Sai ta kakkaɓe masa takalmi kafin ya sa, ta kurɓi shayinsa ko zai ƙona masa baki, ta tsaya a ƙofa har ya sha kwana.

"Maganin nan yana sa jiri," in ji ta. "Da hantsi sai ƙasa ta karkace. Ga nauyin harshe, ga barci kamar na kasa."

"Ni fa, Inna, ban ji komai ba."

"Haka ubanka yake. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa yarda yana ciwo ba."

Maganar ta zauna wa Auta a ƙirji. An ce abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Wa ya sani ko yana barci bai sani ba? Ai mai barci shi ne na ƙarshen samun labari. Ya ja layi da alli a tsakiyar shago yana bi da sanɗa, ya ga ko zai kauce. Ya rataya ƙararrawa a wuya don ta tashe shi in ya yi gyangyaɗi. Masu zuwa aski suka ga mutum da ƙararrawa da aska yana bin layi, suka fara tuna uzurori.

Gida ma ba lafiya. An zuba sukari a miya. Wata rana ya tarar da Inna a zaune ta jingina da bango, ludayi a hannu, tana minshari. Da ta farka ta ce tunaninsa ne ya hana ta rintsawa. Maganin wata kuma sai ya ƙare wata na rabawa. Mai kemis ya rantse ya cika kwalba, Inna ta ce mutanen yanzu ba su da tsoron Allah.

Likita ya riga ya gaya masa yadda sauyin magani yake. Za a janye tsohon magani sannu a hankali, a shigo da sabo, kuma a tsakanin nan ciwon na iya leƙowa. Don haka aska sai ta kwanta wata da watanni, har a ga yadda jiki ya karɓa. Auta ya san abin da hakan ke nufi, komawa kallon bango. Amma da ya yanka wuyan bawan Allah cikin barci, ai gara bangon.

Ranar ganin likita suka tafi tare. Inna ta bangaji ƙofar ɗakin, ta ce kafintocin zamani ba su iya daidaita komai ba.

Likita ya sa Auta ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya tsaya kamar zalɓe. Ya sa shi ya rufe ido ya taɓa hancinsa, ya taɓa. Ya duba sakamakon jini, ya ce komai daidai.

"Kada ya ruɗe ka, ɗan nan," Inna ta ce, ta gyara zama. Ta jero masa alamomin tiryan-tiryan: ɗacin baki bayan an haɗiya, jirin da ke zuwa da hantsi ya lafa da azahar, yadda kalma ke zuwa bakin mutum ta juya ta koma, da yadda abu ɗaya ke zama biyu.

Likita ya jinjina kai. Ya ce ko a littafi ba a tsara su haka ba, kuma in dai haka ne, sauyi ya zama dole.

Auta ya laluba makullin shago a aljihu, ya matse shi har ya ji zafi. "A sauya, likita," ya ce. "Inna ba ta ƙarya."

Likita ya ɗora alƙalami a takarda, sai ya dakata.

"Mama, jiri da barci ana gani a jikin mutum. Amma ɗacin bakinsa, da ganin abu biyu, ke yaya aka yi kika sani, tunda shi bai faɗa ba?"

Inna ta juya, ta fuskanci iskar da ke gefen kafaɗar likita, ta yi mata murmushi irin wanda ake yi wa yaro.

"Ku likitocin nan biyu da tambaya kuke," ta ce. "Yaron da ko shayi ban bari ya sha ban kurɓa ba, shi zan ɗura wa ƙwayar da ban san halinta ba? Ai tun ranar farko, in ya sha ɗaya sai na sha ɗaya."