Mota Mai Lamba Bakwai

A kwanar da ke kafin ƙofar kamfanin ya sauka, ya ƙarasa da ƙafa, takardunsa a cikin leda. Zuwansa na uku ke nan. Ran Litinin ya kawo takardar neman aiki, ran Alhamis aka gwada idonsa da tuƙinsa, yau za a faɗa masa matsayinsa.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana jan bas ɗin wata makaranta, har yara suka sa masa suna Sannu-Sannu. Da makarantar ta rufe, sunan ya biyo shi gida. Wata goma sha ɗaya ke nan yana zaune, ɗansa ke ciyar da su. Ba wanda ya taɓa yi masa gori, amma ya fara barin rabin abincinsa a kwano, yana cewa ya ƙoshi, don matar ɗan nasa tana da tsohon ciki.

Kamfanin na jigilar kayan gaggawa ne tsakanin garuruwa: magunguna, kayan gyaran inji, duk abin da ba ya jiran gobe. Motocinsu farare ne, kowace da lamba a ƙofarta. Ba sa ɗaukar mutum biyu daga gida ɗaya, shi ya sa takardar ta tambaya ko yana da ɗan uwa a wurin. Ya rubuta a'a.

Manajan ya dubi agogo. "Ka yi sammako. Daga unguwarku ai sai an shiga mota biyu."

"An rage mini hanya, ranka ya daɗe."

"Tuƙinka ba laifi, sai dai sanyi. Nan ba yara za ka kwasa ba, kwali ba ya amai." Ya yi dariya shi kaɗai. "Ka taki sa'a, yau gurbi ya samu."

Ya juyo masa allon da ke kan teburi. Taswira ce, da ƙananan ɗigo suna tafiya a kanta. Kowane ɗigo mota ce.

"Direbobi suna ɗauka ba na dubawa. Ka ga lamba bakwai? Direba mai kyau, shekara huɗu bai taɓa ƙwarzane fenti ba. Amma sau uku yana barin hanya da kayanmu a baya, ya shiga unguwa ya ɗauki fasinja. Ran Litinin, ran Alhamis, da yau da safe. Minti ashirin-ashirin. Dokarmu ba ta da sau huɗu."

Sannu-Sannu ya dubi ɗigon. Yana tafiya daidai, bai san ana maganarsa ba.

"Ko a ja masa kunne, ranka ya daɗe? Wataƙila lalura ce."

"Lauyansa ne kai? Korarsa an gama, ko da kai ko ba kai. Akwai mutum goma sha biyu a kan benci suna jiran wannan biron."

Ya karɓi biron. Ya tuna kwanon da yake turewa, da jerin kayan haihuwar da aka manna a bayan ƙofa. Gida ba ya tafiya babu albashi ko ɗaya. Ya sa hannu a inda aka nuna masa, a hankali, kamar yadda yake yin komai.

"Ƙarfe huɗu zai dawo. Ka jira a karɓo maka makulli."

Ya zauna a ƙarƙashin rumfar lodi. Masu dako suka miƙo masa ruwa, ya riƙe bai sha ba. Huɗu saura kwata akawu ya fito da farar ambulan, ya tsaya a bakin ƙofa.

Lamba bakwai ta shigo kafin lokacinta, ta tsaya daidai gaban Sannu-Sannu. Gilashi ya sauka. Ɗansa ya leƙo, ya waiga ko akwai mai jin su, sannan ya rage murya yana murmushi.

"Baba, an dace?"