Tsutsar Inna

Ku da kuke kau da kai in an ambaci tsutsa, ku tsaya ku ji.

Dakta ta ɗago daga madubin bincike tana rawar kafaɗa. Tsutsar teku da ta tsamo daga bokitin laka gashinta ƙugiya-ƙugiya ne, ba irinta a duk danginta. Sabon jinsi! Gobe za ta sanar a taro, har ta yi wa Innarta albishir cewa sunanta tsutsar za ta ci.

Sai ga Farfesan ofishin kusa da kwalba a hannu. Sun shekara ba mai leƙa aikin wani.

"Yarinya, kin makara. Ni ma na tsamo sabuwa a bokitin nan, gashinta kamar mashi. Sunan maiɗakina zan saka mata. Wutsiyar ce kawai ta guntule."

Dakta ta leƙa kwalbar. "Ranka ya daɗe, tawa kuma kai ne babu."

Suka jera guntayen a faranti, suka haɗu cif. Farfesa ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wayyo," in ji Dakta, "wa zai gaya wa Inna wutsiya ta samu?"

Masu ilimi, ku daina ɓoye wa juna kwalba!