Teburan Aro

Masu porjen taimako na Yamai sunka ce ɗiyan kowace lakkwal, wato makarantar boko, su ɗauko bidiyon ajinsu, a ga masu buƙatar tebura. Ƙanwata Samiratu ta ari salulata, ta ɗauko 'yan ajinsu zaune bisa buhunna.

Daraktan lakkwal, Mushe Jibo, ya kalla, ya gyara tabarau. "Wanga ba shi da pedagoji. Mu Kurfayawa ba mu hita da tsumma."

Ni ban yi lakkwal ba, balle in san pedagoji.

Ya aro tebura daga wata lakkwal ta Bonkuku, ya jera masu takalmi gaba, anka sake ɗauka.

Amsa ta zo da yabo: ba mu rasa komi ba.

Sabbin tebura Bonkuku anka kai su. Ranar da munka ari nasu, ranar sunka ɗauki bidiyonsu, zaune ƙasa.