Zuma a Gidan Harsashi

Orval, maƙerin bindigogi, ya jujjuya bindigar da Lemuel ya kawo masa gyara, ya ja tsaki. Ƙusar da gidan harsashi ke juyawa a kanta ta cije, ta ƙi fita.

"Kai dai Lemuel, kiwon shanun ma rufin asirin Allah ne," ya ce. "Ko cokali ba a yi wa wannan riƙon."

Lemuel ya tsaya riƙe da hula, kansa a sunkuye. Haka yake, solloɓiyo. Duk faɗin Texas ba mai ganinsa da gashi, balle matarsa Cora. Wannan kam Orval shaida ne.

Orval ya ɗiga wa bindigar mai, ya ƙwanƙwasa da 'yar guduma har ƙusar ta fito. Ya shinshina, ya tuntsire da dariya.

"Zuma? Wane sakarai ne ya ɗura wa bindiga zuma?"

Ya wanke ta tas, ya ja kunama da babban yatsa, gidan ya juya sumul. Ya miƙa masa.

Lemuel ya zura harsashi a natse.

"Cora ce ta ɗura, wai don kada in harbe kwartonta." Ya ja kunamar baya, ya saita ƙirjin maƙerin. "Sannu da aiki, Orval."